Yadda za ka auna mutanen littafi kafin ka yanke musu hukunci: darasi daga Gatsby

Da hutun ƙaramar sallar da ta wuce ɗan ƙanwata ya iske ni a zaure bayan la'asar, nan Argungu, ina fama da eriyar rediyo. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya zauna yana ta juya waya a hannu kamar mai neman bashi da ya rasa ta inda zai fara. Turanci yake karantawa a jami'a, aji biyu. An ba su jinga a kan The Great Gatsby, littafin F. Scott Fitzgerald da ya fito a 1925, shi kuma ya leƙa intanet ya ga ana ta cewa Nick Carraway, mai ba da labarin, maza yake so, kuma yabon da yake zuba wa Gatsby ma so ne ba abota ba. Sai da ya waiga ya tabbata babu kowa a ƙofa sannan ya ce, "Kawu, wai haka ne? In na rubuta, ba za a ce na kawo iskanci a takarda ba?"

Na shekara fiye da talatin ina koyar da adabi a sakandare kafin in ajiye alli, kuma irin wannan tambaya ba ta canja ba, kayanta kawai take canjawa. Da can yara kan tambaye ni ko wance a littafi kaza muguwa ce ko ta kirki. Abin da suke so shi ne in ba su hukunci su haddace. Ban ba shi ba. Na ce ya ɗauko littafin da sabon littafin rubutu, mu yi zaman kwana uku. Abin da muka yi a zaman shi zan shimfiɗa a nan, don duk ɗalibin da aka ɗora wa irin wannan aiki.

Da farko ka ajiye waya ka karanta littafin daga farko har ƙarshe, ba biro a hannu. Babi tara ne kacal, mai himma zai gama a kwana biyu. Tun ranar 1 ga Janairun 2021 haƙƙin mallakarsa ya ƙare a Amurka, don haka ana samunsa kyauta, babu uzuri. Kada ka fara da fim. Wanda aka yi a 2013, inda Leonardo DiCaprio ya fito a Gatsby, ya kai Nick gidan jinya yana ba likita labari, abin da babu shi ko a layi ɗaya na littafin. Na taɓa ganin ɗalibi ya rubuta wannan a jarrabawa da cikakken ƙarfin hali.

Labarin a dunƙule: a 1922 Nick ya bar garinsu a tsakiyar Amurka ya zo New York koyon cinikin takardun lamuni. Ya kama haya ta dala 80 a wata a West Egg, tsibirin Long Island, jikin katafaren gidan wani Jay Gatsby mai tara jama'a shagali duk ƙarshen mako. A tsallaken ruwa, a East Egg, akwai Daisy, 'yar'uwar Nick, da mijinta Tom Buchanan, wanda ke neman Myrtle, matar wani mai gareji George Wilson. Gatsby ya so Daisy a Louisville a 1917 yana ƙaramin hafsan soja ba shi da ko sisi, ya tafi yaƙi, ta auri Tom a 1919. Duk dukiyar da ya tara da gidan da shagalin don ya dawo da ita ne. Ƙarshe motar Gatsby ta take Myrtle, Wilson ya harbe Gatsby a wurin ninkayarsa ya kashe kansa, Tom da Daisy suka tattara suka bar gari.

A karatu na biyu ne aiki yake. Ka ja layi biyu a shafin littafin rubutunka ya rabu gida uku. Gida na farko, abin da aka nuna maka yana faruwa. Gida na biyu, abin da wani ya faɗa, tare da sunan wanda ya faɗa da wanda ya ji daga gare shi. Gida na uku, zatonka. Duk abin da ka rubuta ka sa lambar babi a gefe. Wannan dabara ba daga littafin koyarwa na samo ta ba. Mahaifina ya yi muhuti a kotun alƙali, kuma muna yara in muka kawo masa ƙara ba ya tambayar wa ke da gaskiya. Tambayarsa ita ce, "Ka gani ko ka ji?" In ka ce ka ji, sai ya ce, "Daga wa?" Rabin ƙararrakinmu a nan suke mutuwa.

Ɗan ƙanwata ya yi awa biyu yana cika shafi, sannan ya ɗago ya ce ai gida na farkon ma ba shi da tabbas, tunda duk abin da muka gani da idon Nick muka gani. Na ce madalla, yanzu ka fara karatu. Littafin nan mai ruwaya ɗaya gare shi, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san kafin a karɓi magana sai an duba mai ruwayar. To duba Nick. Ya buɗe littafin da cewa mahaifinsa ya hore shi da kada ya yi saurin sukar mutane, sannan ya shafe babi tara yana auna kowa da mudunsa. A ƙarshen babi na uku ya ce yana cikin 'yan tsirarun masu gaskiya da ya taɓa sani. Yabon kai jahilci, in ji Hausawa, amma kada ka tsaya a karin magana, ka nemo hujja. A babi na ɗaya Daisy da Tom sun ce sun ji an yi masa baiko a gida, ya musa, ya ce shi talaka ne. A babi na uku, dab da inda yake yabon gaskiyarsa, sai ga shi yana faɗa mana cewa duk mako yana rubuta wa yarinyar wasiƙa yana rufewa da kalmar so, alhali ya fara zagayen Jordan Baker, ƙawar Daisy. Shi ne kuma ya gayyaci Daisy shan shayi a gidansa, ya ce kada ta zo da mijinta, don ta sadu da Gatsby. A garinmu mun san sunan mai wannan aiki. Wannan bai sa Nick ya zama maƙaryaci a komai ba. Ya dai nuna maka mutum ne mai rufe abin da ya shafe shi, mai buɗe na wasu. Ka riƙe wannan, zai yi amfani can gaba.

Sannan ka bi sarkar kowane labari. Labarin ranar jajibirin auren Daisy, da aka same ta a buge da kwalba a hannu ɗaya da wasiƙa a ɗayan, tana cewa a mayar da sarƙar lu'ulu'un da Tom ya ba ta, wadda kuɗinta ya kai dala 350,000, daga bakin Jordan ya fito. Jordan kuwa Nick da kansa ya gaya mana ana zarginta da matsar da ƙwallo a gasar golf, kuma ya kama ta da ƙarya a kan motar aro da ta bari a ruwan sama. Wasiƙar fa? Kusan kowane ɗalibi zai rubuta maka cewa Gatsby ne ya aiko ta. Koma babi na huɗu ka duba: ba a faɗi wanda ya rubuta ba, ba a karanta mana ko kalma ɗaya ba, a ruwan wanka ta narke a hannunta. Ni ma na yi imani daga Gatsby take, amma a gida na uku zan rubuta ta. Haka batun wanda ke tuƙi lokacin da aka take Myrtle. Nick ne ya fara cankar cewa Daisy ce, Gatsby ya amsa masa, ya ce shi zai ɗauki laifin. Ba mu da wani shaida bayan shi. Hatta launin motar shaidu sun saɓa: Nick ya ce ruwan madara ce, Michaelis mai shagon kofi ya ce wa ɗan sanda kamar koriya-koriya, wani mai wucewa ya ce rawaya. Marubucin da ya sa mutum uku suka saɓa a kan fentin mota yana yi maka hannunka mai sanda ne game da sauran maganganun da ke littafin.

Idan ka zo kan dalilin da ya sa mutum ya yi abu, kada ka gamsu da dalilin da ya faɗa da bakinsa, kada kuma ka yi watsi da shi. Ka tambayi abin da zai samu, abin da yake tsoron rasawa, da abin da yake yi idan an matsa shi lungu. Gatsby ya ce son Daisy yake, kuma wanda ya sayi gida don kawai ya riƙa hango fitilar gidanta ba za a ce ƙarya yake ba. Amma duba abin da yake nema daga gare ta. Bai ishe shi ta bar Tom ba, sai ta tsaya gabansa ta ce ba ta taɓa son sa ba ko na rana ɗaya, sannan su koma Louisville a ɗaura aure daga gidan iyayenta kamar shekara biyar ɗin nan ba a yi su ba. A otal ɗin Plaza, babi na bakwai, Daisy ta ce ta so Tom a da, shi ma Gatsby ta so shi. Wannan "shi ma" ita ta karya shi. Mai son mace kawai da ya karɓi hakan ya gode Allah. Gatsby so yake a goge James Gatz, ɗan talakawan manoma daga North Dakota da ya sauya suna yana shekara 17, kuma Daisy ce hatimin da zai tabbatar an goge. Shi da kansa ya ce muryarta cike take da kuɗi.

A nan Bahaushe ya fi Bature na yau saurin ganewa, don mun san asali. Mun ga wanda ya tafi Ikko ko ramin zinariya ya dawo ya gina bene ya sayi motoci, ya je neman aure gidan sarauta, tsofaffi suka karɓe shi da fara'a, yana fita suka tambayi juna, "Ɗan gidan wa?" East Egg masu gadon arziki ne, West Egg masu arzikin rana tsaka. Kuɗin Gatsby kuma na bayan fage ne: dokar hana sayar da giya ta fara aiki a Amurka a Janairun 1920, kuma Tom ya tona cewa shi da abokin harƙallarsa Meyer Wolfsheim sun sayi kantunan magani suna sayar da barasa a ciki. Wurin da na fi so in nuna wa ɗalibi yana babi na shida. Tom da wani Sloane da wata mata sun biyo ta gidan Gatsby a kan dawakai. Matar, bayan ta sha kofi biyu na giya, ta yi masa tayin cin abincin dare. Sloane ba ya so, kowa a wurin ya gane, ban da Gatsby, wanda ya shiga ɗauko riga zai bi su a mota. Kafin ya fito sun kaɗa dawakai sun tafi. Yaron da ya tashi a Argungu ya san bambancin bismillar da ake nufi da bismillar kara. Gatsby mai ɗakin karatu cike da littattafan gaske da ba a ko yanke shafukansu ba, bai san wannan ba. Sai dai ka yi hattara: al'adarka fitila ce da za ka haska, kada ka mayar da Long Island Kabi. Sarƙar Tom ba lefe ba ce, kuma babu waliyyin da ya tilasta wa Daisy.

Daisy ta fi wahalar aunawa, kuma ɗalibai maza sun fi yi mata rashin adalci. Ɗan ƙanwata ya rubuta "makwaɗaiciya" tun a shafin farko. Na ce ya mayar da ita gida na uku ya kawo abin da ke gida na farko. Ya kawo kukan da ta yi a kan rigunan Gatsby a babi na biyar, tana cewa ba ta taɓa ganin riguna masu kyau haka ba. Na ce to, mace da ta tashi cikin dukiya, mijinta na da garken dawakan folo, riga ce za ta sa ta kuka? Ruwa ba ya tsami banza. Ko tana kukan shekarun da suka wuce ne ta rasa kalmar faɗa, ko tana kukan cewa da ta jira da ta samu so da kuɗin gaba ɗaya. Littafin ya bar maka duka biyun. Ka haɗa da abin da ta gaya wa Nick, cewa 'yarta ba ta yi awa ɗaya a duniya ba Tom ya ɓace, ta yi kuka ta yi fatan yarinyar ta zama kyakkyawar wawuya. Ka haɗa da labarin ma'aikaciyar otal a Santa Barbara da aka gani a motar Tom watanni kaɗan bayan biki. Sannan, don kada tausayi ya rufe maka ido, ka haɗa da abin da Nick ya hango ta taga daren da Myrtle ta mutu: ita da Tom a teburin kicin, soyayyar kaza mai sanyi a tsakaninsu, hannunsa a kan nata, kamar masu ƙulla wani abu, Gatsby kuwa yana tsaye a waje cikin duhu yana gadinta. Ba ta aiko ko fure ba ranar jana'izarsa.

Akwai abin da zai taimake ka a nan. Fitzgerald ya rubuta wa abokinsa Edmund Wilson a 1925 yana amsa cewa babban aibin littafin shi ne bai nuna abin da ke tsakanin zuciyar Gatsby da ta Daisy ba daga sake haɗuwarsu zuwa faɗuwar komai. Ke nan wani giɓin da kake gani ba dabara ba ce, rami ne na gaske. Tarihin marubucin ma yana haskawa: ya so Ginevra King, 'yar masu kuɗin Chicago, bai same ta ba, kuma Zelda Sayre ta fasa baikonsu a 1919 sai da littafinsa na farko ya samu karɓuwa suka yi aure a 1920. Ka ambaci wannan a jimla ɗaya ka wuce. Ɗalibin da ya cika takarda da rayuwar Fitzgerald yawanci bai karanta littafin ba ne.

Sai a rana ta uku muka zo kan tambayar da ta kawo shi. Na fara da cire masa tsoro. Littafin nan akwai zina a cikinsa, akwai giya, akwai caca da kisan kai, kuma ba wanda ya ce ɗalibin da ya yi sharhinsu ya aikata su. Malamin fiƙihu yana karantar da babin haddi da rana tsaka a zaure. Fahimtar abin da marubuci ya rubuta daban, yarda da shi daban. Abin kunya ga ɗalibi shi ne ya tsallake shafi don ya ji nauyi, ko ya cusa wa shafi abin da babu don ya burge.

Ka buɗe ƙarshen babi na biyu ka karanta a hankali, sau uku. Ana shagali a ɗakin da Tom ya kama wa Myrtle a New York. Nick ya gaya mana sau biyu kawai ya taɓa buguwa a rayuwarsa, wannan ce ta biyu. Cikin baƙi akwai McKee, mai ɗaukar hoto da ke zaune a hawan ƙasa da matarsa, wanda Nick ya siffanta da fari fat mai yanayin mata. Akwai ɗan busasshen kumfan aski a kumatunsa da ya dami Nick duk yinin, har da McKee ya yi barci a kujera Nick ya ciro hankici ya goge masa. Tom ya fasa wa Myrtle hanci don ta ambaci sunan Daisy, ɗaki ya rikice da jini da kuka, McKee ya farka ya fita, Nick ya ɗauki hularsa ya bi shi. A cikin lif McKee ya ce su ci abincin rana wata rana, yaron lif ya daka masa tsawa ya ɗauke hannu daga sandar tuƙin, shi kuma ya ce bai san yana taɓa ta ba. Sai ɗige-ɗige. Abin da ya biyo baya: Nick a tsaye gefen gadon McKee, shi yana zaune cikin mayafi daga shi sai tufafin ciki, riƙe da kundin hotunansa yana karanto sunayensu. Sai kuma Nick a tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania, rabi barci rabi farke, yana jiran jirgin ƙarfe huɗu na asuba.

Abin da ke gida na farko ke nan, ba ƙari. Yanzu ka tara abin da masu wannan fahimta ke kafa hujja da shi, ka ba shi cikakken ƙarfinsa. Ɗige-ɗigen sun zo daidai inda mai labari da muka riga muka kama da rufe sirrinsa zai so ya yi shiru. Yadda Nick ya tsaya a kan jikin Tom, yana kallon tsokar kafaɗarsa tana motsi ƙarƙashin riga. Yadda ya siffanta Jordan, macen da ya nema, da tsayuwar ɗan makarantar soja. Dogon bayanin murmushin Gatsby. Ranar da ya cika 30, cikin abubuwan da ya ce yana hangowa na kaɗaici har da raguwar gwagwaren maza da zai sani. Sannan zamanin: a Amurka ta 1925 doka na hukunta wannan hali, dokar Comstock ta 1873 ta hana aika rubutun da aka ɗauka na batsa ta gidan waya, kuma a 1921 kotu a New York ta ci tarar editocin mujallar da ke buga Ulysses na James Joyce. Marubucin da ke son faɗin irin wannan abu a lokacin dole ya yi zaurance. Biri ya yi kama da mutum.

To sai ka juya ka zama lauyan ɗaya ɓangaren, da gaske, ba don cika shafi ba. Nick a buge yake, kuma tun kafin lif labarin ya fara yankewa, ƙarfe tara ta zama goma a ƙiftawar ido. Ɗige-ɗigen na iya zama ramin ƙwaƙwalwar mashayi, gadon kuma na iya zama na bugaggen da aka raka gida wanda bai daina tallan hotunansa ba. Nick ya siffanta jikin Myrtle da irin wannan kulawa. Ya ce yana son tafiya a titin Fifth Avenue yana zaɓar mata cikin taro yana raya shiga rayuwarsu. Ya yi ɗan nema da wata 'yar Jersey City a wurin aikinsu, ya sumbaci Jordan, kuma da suka rabu ya ce ya tafi cikin fushi da rabin so. Game da Gatsby kuwa, a shafin da ya ce masa ya fi taron su Tom duka daraja, a nan ya ce bai taɓa amincewa da halinsa ba daga farko har ƙarshe. Na tuna wa ɗan ƙanwata wani Bature da ya zo kallon bikin kamun kifi a Matan Fada shekarun baya, ya ga samari biyu suna tafe riƙe da hannun juna, ya matso yana tambayata a asirce. Na yi dariya har da hawaye. Ya karanta alama da ƙamus ɗin garinsu. Mu ma muna iya yi wa Amurkawan 1922 irin wannan. Shi ya sa na hana shi rubuta ɗan daudu a gaban sunan McKee. Kalmar tana ɗauke da sana'a da zama da magana irin ta garuruwanmu, kuma ba abin da Fitzgerald ya gani ba ke nan.

Ya ce, "To Kawu, kai mi ka gani?" Na ce ni a nawa karatun, Fitzgerald da gangan ya bar ƙofar nan a sakaye. Mutumin da ya yi ta gyaran littafin har a kan shafukan gwaji na maɗaba'a ba zai bar yaron lif da sandarsa da gado da tufafin ciki su taru a rabin shafi bisa tsautsayi ba. Amma daga "akwai abin da aka sakaya a daren nan" zuwa "duk littafin wasiƙar soyayya ce ga Gatsby" akwai tafiya mai nisa, kuma masu yin ta a intanet tsalle suke yi. Abin da wurin ya tabbatar mini shi ne Nick na da ɗakin da ba ya buɗe mana, kuma wannan ya isa ya sa in sake duba duk inda ya rantse da gaskiyarsa. Wani malamin zai wuce ni, wani ba zai kai inda na kai ba, kuma duk wanda ya nuna babi da layi zan ba shi maki.

Alamomi ba sa buƙatar dogon zama. Ƙa'idar ita ce ka bi alama duk inda ta fito, ka ga wa ke kallonta. Koriyar fitilar bakin ruwan gidan Daisy ta fito sau uku: a ƙarshen babi na ɗaya Gatsby na miƙa mata hannu cikin duhu, a babi na biyar Daisy na gefensa sai Nick ya lura fitilar ta koma fitila kawai, a shafin ƙarshe kuma ta zama ta kowa, har da Turawan Holan da suka fara hango gaɓar. Wanda ya rubuta "kore na nufin kuɗi" ya tsaya, ya kama wutsiya ya bar giwan ruwa. Idanun Dakta T. J. Eckleburg a tsohon allon talla, Wilson ne cikin zautuwa ya dube su ya ce Allah na ganin komai, Michaelis ya ce masa talla ce. Ka rubuta cewa Wilson ya ɗauke su haka, kada ka ce littafin ya ce.

Kuma ba kowane tuntuɓe ne ke da ma'ana ba. An ɗaura auren Daisy a Yunin 1919, ta haihu a Afrilu mai zuwa, amma a bugun farko an ce yarinyar shekararta uku a 1922. Lissafi ne ya kuɓuce wa marubuci, har wasu bugu na baya suka mayar da shi biyu. Na ga wanda ya gina gini a kan wannan, wai 'yar Gatsby ce, alhali shi yana Turai tun kafin nan.

Wajen rubuta amsar, ka bar kalmominka su nuna daga wane gida magana ta fito. Ta gida na farko ka ce littafin ya nuna. Ta gida na biyu ka ce a cewar Jordan, ko Gatsby ya gaya wa Nick. Ta gida na uku ka ce ana iya fahimtar, ko alamu sun karkata ga. Kowace babbar magana ka ba ta hujja biyu daga wurare daban, sannan ka kawo hujja mafi ƙarfi da ke karo da ita ka amsa ta, ko ka amsa cewa ta rage mata ƙarfi. Kada ka kwafo daga intanet, malaminka ma yana da waya.

Ɗan ƙanwata ya rubuta shafi shida a daren, a kan tabarma, da fitilar caji don an ɗauke wuta. Da safe ya karanto mini. Kalmar makwaɗaiciya ta fita, McKee ya samu sakin layi ɗaya da rabi, kuma ya gano wani abu da ni ban taɓa lura da shi ba a duk shekarun nan: Nick da ya goge kumfa a fuskar McKee a babi na biyu, shi ne a babi na tara ya sa takalmi ya goge kalmar batsa da wani yaro ya rubuta a matakalar gidan Gatsby. Ya tambaye ni a wane gida zai sa wannan. Na ce gogewar biyu a na farko, abin da ya haɗa su a na uku. Ya gyara, ya sa takardun a jaka, uwarsa ta aiko a kira shi ya kai shinkafa inji.